Kana Son Ka Iya Haɗa Fostar Fim? Ga Inda Za Ka Fara

Kafin ka kunna sabuwar waƙa ko shiri mai dogon zango a YouTube, hoto ne ke fara jan idonka. Wani ne ya zauna ya haɗa shi, kuma biyansa aka yi. Sana'ar da nake yi ke nan.

Ba sai ka jira kwamfuta ba, fara da PixelLab ko Canva a wayarka. In ka samu kwamfutar sai ka koma Photoshop, in kuɗinsa ya fi ƙarfinka GIMP kyauta ne.

Abu uku na fi nacewa a kai. Na farko, leya: hoton jarumi daban, bango daban, rubutu daban, yadda in furodusa ya ce a sauya suna ba sai ka rushe komai ba. Na biyu, yanko mutum daga cikin hoto. A gefen gyale da hula ake gane ɗan koyo. Na uku, ba kowane salon rubutu ke da ƙ, ɗ da ɓ ba. Gwada tukuna, kar "Ƙauna" ta fito da ɗan akwati a gaba.

Ka kula da awo. Hoton YouTube 1280 da 720 ne, bangon waƙa kuwa ana yawan yin sa 3000 da 3000. In bugawa za a yi a takarda, ka yi aikin a CMYK, don kalar RGB takan dushe.

Fara da mawaƙin unguwarku, ka tara ayyukan da za ka nuna. Sannan ka riƙa karɓar rabin kuɗinka kafin ka taɓa aiki.