Gida a Ƙofar Dumi, zama a Jidda: wa haraji ya hau kansa?

A Ƙofar Dumi da ke cikin birnin Bauchi, akwai gidaje da shagunan haya waɗanda masu su ke neman abinci a Saudiyya ko Ingila. Tun da sabuwar dokar haraji, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, iyalansu ke fargabar ko za a taɓa kuɗin da ake aiko musu.

Abin da ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa kyauta ne, babu haraji a kansa. Wanda ba mazaunin Najeriya ba kuwa, ɗan ƙasa ne ko baƙo, abin da ya samu a cikin ƙasar kaɗai ake caja, kamar kuɗin haya.

Sai dai zama a waje kaɗai bai wadatar ba. Duk wanda ya yi kwana 183 a gida cikin wata goma sha biyu, ko yake da gidan zama na dindindin a nan, doka na iya ɗaukarsa mazauni. Daga nan albashinsa na Jidda ma ya shiga lissafi. Mai niyyar dogon hutu a gida, sai ya riƙa ƙirga kwanakinsa.