Karatun Lahadi da Wa'azinsa: Yadda Harshe ke Aiki a Shekarar Majami'a

A majami'un Katolika da wasu na Furotesta, mai wa'azi ba shi ke zaɓen ayoyin da zai yi bayani a kansu ranar Lahadi ba. Akwai jadawalin da ya riga ya yanke abin da za a karanta kowane mako, daga farkon shekara har ƙarshenta. Nassin da aka karanta a Roma shi ne za a karanta a Maraɗi ko Damagaram a wannan rana, harshe ne kawai ya bambanta. Wannan ya sa wa'azin Lahadi ya zama fage mai amfani ga mai nazarin harshe, domin saƙon ɗaya ne, amma bakunan da ke isar da shi da kunnuwan da ke karɓarsa daban ne.

Tsarin jadawalin

Al'adar karanta nassi sannan a yi bayaninsa ta samo asali ne daga majami'ar Yahudawa. Jadawalin da Katolika ke bi yanzu kuwa ya fito a 1969, bayan babban taron Batikan na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965. A 1992 wasu majami'un Furotesta suka fitar da nasu mai kama da shi. Tsarin yana zagayawa ne a shekara uku: shekarar A ta Bisharar Matiyu ce, B ta Markus, C ta Luka, Bisharar Yahaya kuma ana yawan karanta ta a lokacin azumi da na Ista. Duk shekarar da lambarta ta rabu uku ba saura, kamar 2025, ita ce C. A yawancin ranakun Lahadi akan karanta wani yanki na Tsohon Alkawari, a rera Zabura, a karanta wasiƙar manzanni, sannan Bishara.

Shekarar tana farawa ne da Lahadi huɗu na jira kafin Kirsimeti. Daga baya sai azumin kwana 40 da ke somawa ranar Larabar Toka, sai Idin Tashin Almasihu, wanda ke faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, sai Fentikos bayan kwana 50. Sauran makonni 33 ko 34 ana bin Bishara a jere. Yawancin majami'un bishara na Nijar ba su ɗaure kansu da wannan jadawali ba. Fasto ne ke zaɓen nassinsa. Amfanin jadawalin shi ne hana mai wa'azi maimaita ayoyin da ransa ke so kaɗai. Illarsa kuma ita ce yankan nassi gunduwa-gunduwa.

Yanki ba shi tsayuwa shi kaɗai

Nan matsalar harshe ta farko ke ɓullowa. Labari a Hausa yana tafiya ne da jerin ayyuka masu dogara da juna: sai ya tashi, ya tafi, suka haɗu. Sigar "suka" da harafin "sai" suna nuna cewa akwai abin da ya gabata. Idan aka yanko labari daga tsakiya, mai sauraro zai ji "sai ya ce musu" bai san mai magana ba, bai san waɗanda ake yi wa ba. Don haka littattafan karatun Lahadi kan ƙara ƴar gabatarwa da ke ambaton lokaci da sunan mai magana, mai wa'azi kuma yakan fara da tuna wa jama'a inda aka tsaya makon jiya.

Matsala ta biyu ta lamirai ce. Girkanci, harshen Sabon Alkawari, yana bambanta tilo da jam'i a lamirin mutum na biyu, amma ba ya bambanta jinsi. Hausa tana tilasta zaɓi tsakanin kai, ke da ku. A hirar Yesu da Basamariya a bakin rijiya, wadda ake karantawa Lahadi ta uku ta azumi a shekarar A, mai sauraron Hausa yana jin "ke" da "ki", kuma yana jin daidai inda magana ta juya zuwa "ku", wato daga matar zuwa dukan mutanenta. Amma idan mai wa'azi ya zo jan hankalin jama'a ya ce "kai", ya bar rabin majami'a a waje. Shi ya sa gwanaye ke komawa ga "mu" ko "ku".

Kalmomin aro da nauyinsu

Yawancin kalmomin addini da Kirista Bahaushe ke amfani da su sun shigo Hausa ne daga Larabci ta hanyar Musulunci: wa'azi, annabi, Zabura, Attaura, aljanna, zunubi, tuba. Kowace ta zo da ma'anar da kunne ya saba da ita. Kalmar azumi misali ce mai kyau. A kasuwar Tawa, azumi na nufin barin ci da sha daga asuba zuwa faɗuwar rana. A Katolika kuwa yana nufin rage abinci a wasu ranaku da barin nama ranakun Juma'a. Mai wa'azin da bai fayyace ba zai faɗi abu ɗaya, a ji wani. Hatta sunaye ba su tsira ba: wata fassara ta ce Yohanna, wata ta ce Yahaya.

Tarihin wannan ƙamus yana da alaƙa da ƙasar Damagaram. Dorugu, wanda aka kama bawa yana yaro a wannan yanki, ya isa Ingila tare da Heinrich Barth a 1855, ya kuma yi aiki da J. F. Schön, wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862 ya kuma fassara sassan Littafi Mai Tsarki. Cikakkiyar fassara ta fito a 1932.

Daga littafi zuwa baki

Hausar littafin ta fi kusa da ta Kano. Wanda ke wa'azi a Gobir ko Adar yana karanta "zauna" da "fari", amma da ya ɗaga kai daga takarda sai ya ce "zamna" da "hwari", ya mayar da "ne" da "ce" su zama "na" da "ta". A birane kuma akan yi wa'azi da Faransanci tafinta na juyawa jimla-jimla. Ke nan wa'azi fassara ce ta biyu, wani lokaci ma ta uku.

Yanayi ma yana sa hannu. Misalin mai shuka na Matiyu sura 13 yana faɗowa ne a tsakiyar Yuli a shekarar A, lokacin da manomin Maraɗi ke duba ko gerons
a ya tsira. A nan nassi da damina sun dace, bayani ya zo da sauƙi. Amma kurangar inabi da itacen zaitun baƙi ne a Sahel, dole mai wa'azi ya nemo musu makwafi ko ya tsaya ya kwatanta.

Tun da nassin yana dawowa bayan shekara uku, kuma ana yin bayaninsa a garuruwa da yawa rana ɗaya, ɗalibin da ya naɗi wa'azin Lahadi guda a Yamai, Tawa da Damagaram, da iznin masu shi, zai samu abin kwatanta karin harshe da surkin Faransanci a kan batu ɗaya tak, abin da ba kasafai mai bincike ke samu a fili ba.