Wayar Malamin Dabbobi: Abin da Kwamfuta Za Ta Yi wa Garkunan Sabon Birni da Isa

A ƙasar Gobir dabba ba ruwanta da kan iyaka. Garken da ya sha ruwa yau a Gulbin Rima kusa da Sabon Birni, jibi yana iya kwana a ƙasar Maradi. Jar akuyar da aka saya a kasuwar Isa kuma ta ƙare a turken wani gida a Sakkwato. Duk inda dabba ta sa ƙafa, cutar da ke jikinta ta isa can. Saboda haka likitan dabbobi a wannan yanki da lokaci yake tsere, kuma a nan ne kwamfuta da wayar hannu suke da rana.

Aikin asibitin dabbobi daga rubutu yake farawa: dabbar wane ce, me ke damunta, wace allura aka yi mata, yaushe. Littafi yakan jiƙe, gara ta ci, ko ya bi ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki. Idan bayanin yana cikin manhaja, duk wanda ya karɓi aikin zai tarar da tarihin garke. Manhajar za ta tuna masa ranar komawa rigakafin ciwon huhu, ta nuna maganin da ya kusa lalacewa a kanta, ta kuma lissafa kwanakin da ya kamata a jira bayan allura kafin a sha nonon saniya ko a yanka ta. Wannan lissafi lafiyar mutane yake karewa, domin ragowar magani a nono da nama yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Babban amfanin yana bayyana ranar da annoba ta ɓulla. A ce an kira malamin dabbobi wani ƙauye, ya tarar da awaki sun yi lamo, majina ta toshe hanci, idanu sun yi kwantsa, baki ya yi gyambo, ga zawo. Alamomin cutar PPR ke nan, mai share turke cikin 'yan kwanaki. A da sai ya cika takarda, ta jira mota, ta bi ofis-ofis. Da waya kuwa zai ɗauki hoton bakin akuya, ya rubuta nawa suka kamu, nawa suka mutu, wayar ta ɗauki ainihin wurin da yake tsaye, rahoton ya isa Sakkwato a ranar. Samfurin da ya ɗiba ya bi baya zuwa ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom da aka kafa a 1924. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro manhajar EMA-i don irin wannan aiki. Rahoto ɗaya labarin ƙauye ɗaya ne, amma idan kwamfuta ta jera rahotanni da yawa a kan taswira, sai a ga hanyar da cuta ke bi, daga wace kara ta taso, wane burtali ta kama, a tura masu rigakafi su tare ta a gaba. Da rigakafi da sa ido aka ga bayan cutar bushiya, wadda aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011, kuma an sa 2030 a matsayin shekarar gamawa da PPR.

Ita kanta allurar rigakafin sai da sanyi take rayuwa, mafi yawa tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ƙaramar na'ura da ake sawa a firij mai aiki da hasken rana tana rubuta ma'aunin sanyin dare da rana. Idan firij ya tsaya, za a sani kafin a yi wa garke allurar da ta riga ta mutu, makiyayi ya tafi da tunanin ya tsira. Idan kuma ciwo ya shige wa ma'aikaci duhu, yana iya tura bidiyo ta WhatsApp ga ƙwararru a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Sai dai kayan aiki dole su dace da wurin. Mutanen Sabon Birni da Isa ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Manhajar da za ta yi aiki a nan ita ce mai adana bayani ba tare da intanet ba, ta aika idan an samu layi. Saƙon tunatarwa ga makiyayi kuma ya zama na murya, da Hausa da Fulatanci.

Abu mafi nauyi shi ne amana. Makiyayi ba ya son a ƙirga masa shanu tun zamanin jangali, balle yau da ɓarayin shanu ke neman sanin wa ke da me, a ina yake kwana. Jerin sunaye da adadin dabbobi da wurin ruga, idan ya faɗa hannun mugu, ya zama jagorar ɓarna. Wajibi ne a kulle bayanan, a taƙaita masu ganinsu, a kuma gaya wa mai dabba gaskiyar abin da za a yi da su. Ranar da ya zargi wayar, zai ɓoye mara lafiya ya kai ta kasuwa, cutar ta bazu.

An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024. Ita da gwamnatin Sakkwato su fara da ma'aikacin da ke kan babur a bakin iyaka: a ba shi waya, da abin caji mai hasken rana, da horo, kuma duk rahoton da ya aika a mayar masa da amsa. Su kuma yi musayar rahoto da takwarorinsu na Maradi, tunda garke ɗaya suke dubawa.