Kafin Ka Ba Da Tsohuwar Motar Aiki Sadaka a Amurka

Aikin kai saƙo irin na DoorDash da Uber Eats da Amazon Flex yana tsufar da mota da wuri. Wuni ake yi ana tsayawa ana tashi, ana kashewa ana kunnawa, ga gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfen ƙasan mota. 'Yan'uwanmu Hausawa da ke zaune a Amurka, 'yan Nijar da Gana da Najeriya, ba kaɗan ba ne suka bi ta wannan sana'a kafin su sami abin da ya fi. Ranar da Allah ya buɗa wa mutum wata ƙofa, sai a bar shi da mota mai shan baƙin mai, giya na zamewa, makanike ya ce kuɗin gyara ya ɗara kuɗin motar. Ita kuwa inshora ba ruwanta da ka daina aiki, duk wata sai ta zo karɓa.

A irin wannan hali tallar ƙungiyoyin agaji ke shiga kunne: ka ba mu motar, mu zo mu ja ta kyauta, kai kuma ka sami ragin haraji. Jan motar kyauta gaskiya ne. Maganar ragin harajin ce ke buƙatar a zauna a yi lissafi.

Da can mai bayarwa shi ke yanka wa motarsa daraja, ya rubuta a takardar haraji. A 2003 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya bi sawun motoci 54 da aka bayar, ya gano cewa a kashi biyu cikin uku nasu, abin da ya isa hannun ƙungiyar bai wuce kashi 5 cikin 100 na darajar da mai motar ya rubuta ba. Majalisa ta yi doka a 2004, ta fara aiki a farkon 2005. Tun daga nan, idan ƙungiya ta sayar da motarka a kan fiye da dala 500, abin da aka sayar da ita shi kaɗai za ka rubuta, ko da littafin farashi na Kelley Blue Book ya ce ta fi haka ninki uku. Za su ba ka takarda mai lamba 1098-C cikin kwana 30 da sayarwa, kai kuma ka cike fom 8283. Idan dala 500 ko ƙasa da haka aka samu, sai ka rubuta darajarta ta kasuwa, muddin ba ta haura 500 ɗin ba.

To ko wannan ɗin ma ba kowa yake amfana ba. Hukumar haraji ta IRS tana yafe wa kowa wani kaso na kuɗin shigarsa ba tare da ya kawo rasit ba. A 2024 dala 14,600 ne ga gwauro, 29,200 ga ma'auratan da suka haɗa takarda. Sadakar mota ba ta shiga lissafi sai ga wanda ya bar wannan kaso ya zaɓi jero abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya, kuma ba mai yin haka sai wanda jimillarsa ta wuce kason. Mai zaman haya da ya gama shekara yana kai abinci da wuya ya kai nan. Ko ya kai, a ce an sayar da motar dala 700 kuma harajinsa kashi 12 cikin 100 ne: ragin harajinsa bai wuce dala 84 ba. Ke nan.

Akwai kuma wani ƙulli da ya shafi masu aikin kai saƙo su kaɗai, wanda talla ba ta faɗa. Yawancinsu kan lissafa mil ɗin da suka yi domin a rage musu haraji: santi 65.5 kowane mil a 2023, santi 67 a 2024. A cikin wannan kuɗi akwai kason tsufan mota, santi 28 a 2023 da santi 30 a 2024. Wanda ya sayi mota dala 12,000, ya yi mil 25,000 na aiki a kowace shekara cikin biyun nan, ya riga ya cire dala 14,500 na tsufa. A idon hukuma ya gama cin darajar motar, saboda haka abin da zai iya rubutawa na sadakarta kan ragu sosai, wani lokaci ya tashi a babu. Wannan gaɓar ta mai lissafin haraji ce; ka kai masa littafin mil ɗinka kafin ka sa hannu a komai.

Ra'ayina shi ne, wanda zai bayar ya bayar don Allah, ya cire haraji daga ransa. Da ya yi haka, tambayar da ta rage ita ce nawa zai kai ga mabukata. Ƙungiyoyi da yawa ba sa ko ganin motar da idonsu. Kamfanin dillalai ne ke amsa waya da sunansu, ya turo motar ja, ya kai ta gwanjo irin na Copart ko IAA, ya cire kuɗin ja da na gwanjo da na talla da la'adarsa, ya miƙa saura. Wasu dillalan na da amana, wasu kuwa kura ce aka ba ajiyar nama. Ka tambaya kai tsaye: cikin kowace dala 100 da aka sayar, nawa ke shiga asusun ƙungiya? Wanda ya fara kame-kame ya ba ka amsa. Ka kuma duba sunan ƙungiyar a shafin IRS na ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji, masu rajistar 501(c)(3). Masallatai, kamar coci-coci, suna cikin waɗanda doka ta yarda da su ko da sunansu bai fito a jerin ba.

Idan motar na da sauran rai, akwai masu gyara ta su ba iyalin da rashin abin hawa ya hana su riƙe aiki, irin su Vehicles for Change a jihar Maryland da Good News Garage a Vermont. A irin wannan bayarwa doka ma ta yarda a rubuta darajar kasuwa. Idan kuwa ta mutu murus, sau da yawa ya fi alheri ka kira masu sayen ƙarafa biyu ko uku, ka sayar wa wanda ya fi tayi, ka kai kuɗin hannu da hannu inda kake so. Na san zuciya kan raya wa mutum ya loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano a kai wa ƙane a gida. Kuɗin jirgi da na kwastan ba sa rangwame don mota ta tsufa, kuma ƙanen ne zai gaji jinyarta. Kyauta ga mutum ɗaya, ko ga ƙungiyar da ke wajen Amurka, galibi ba ta shiga ragin haraji.

Inda mutane suka fi shan wuya shi ne takardun mallaka. Mai motar ja zai iya cewa, "Alhaji, sa hannu kawai, ka bar gurbin sunan mai karɓa, mu za mu cike." Kada ka yarda. Muddin gurbin nan na fili, motar taka ce a kundin hukuma, ko hannu nawa ta bi. Tarar fakin da kuɗin gada da tikitin kyamara duk gidanka za su zo, in an yi ɓarna da ita ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Rubuta sunan ƙungiyar ko wakilinta da hannunka, ka ɗauki hoton takardar gaba da baya, ka karɓi rasit mai kwanan wata da lambar jikin mota. In da sauran bashin banki a kanta, sai an biya an karɓo takardar sakin ta tukuna.

Daga nan sai ofishin rajistar motoci, DMV, kuma kowace jiha da nata tsarin. A Kalifoniya kwana 5 aka ba ka ka sanar cewa mota ta bar hannunka. A New York sai ka kwance lambobin motar ka mayar musu kafin ka soke inshora. Wanda ya fara sokewa yana iya jawo wa kansa tara ko a dakatar masa da lasisi.

Ka faɗa wa masu karɓa gaskiyar ciwon motar, birki ne ko giya, musamman idan wani za a ba ya hau da 'ya'yansa. Sannan ka zauna a ciki ka share ta da kyau. Ɓamɓare na'urar E-ZPass ta biyan kuɗin gada daga gilashi, ka cire motar daga asusun. Kwance kyamarar gaba da katin da ke cikinta. Goge wayarka daga Bluetooth, da adireshin gidanka da na mutanen da ka kai wa kaya daga taswirar mota. Ka leƙa ƙarƙashin kujera da aljihun gaba, nan tsofaffin takardun inshora da rasit masu ɗauke da sunanka suke taruwa.