Wa'adi a harkar kasuwanci: yaushe yake tura aiki, yaushe yake ɓata shi?

Sa wa buri rana ya zama ruwan dare a harkar kasuwanci. Bankuna na yanka wa ma'aikatansu adadin kuɗin ajiyar da za su jawo kafin wata ya mutu, masu horar da ƙananan 'yan kasuwa kuma ba su gajiya da nanata cewa burin da ba shi da wa'adi mafarki ne. Hujjarsu tsohuwa ce. Tun a 1955 wani marubuci ɗan Ingila, Cyril Northcote Parkinson, ya lura a mujallar The Economist cewa aiki yakan miƙe ƙafa har ya cinye duk lokacin da aka ba shi. Wannan gaskiya ne, amma rabin zancen ke nan. Wa'adi ba ya tura aiki sai wanda aka ɗora wa shi ya gaskata cewa ranar ba za ta gusa ba, kuma abin da zai cika aikin da shi yana hannunsa. In ɗaya daga cikin biyun nan ya ɓace, abin da ke biyo baya ko dai jan ƙafa ne ko kuma algus.

Shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya isa misali. Ranar Sallah ba ta jiran kowa, don haka telan da a sauran watanni yake ɗinka riga biyu a yini sai ka same shi da tsakar dare janareta na ruri, wani yaro na guga, wani na sa maɓalli, shaddodi jibge a kan benci kowace da sunan mai ita a 'yar takarda. Ba wanda ya yi masa lacca kan himma, ranar ce ta tashe shi. Amma a wannan makon ne kuma ake ganin wuyan riga a karkace da aljihun da aka manta, da mai kaya da ke zuwa daren Sallah ya tarar ko yanka yadinsa ba a yi ba. Telan ya yarda da ranar sarai, sai dai ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin kekunansa da yaransa.

A babban mataki ma haka abin yake. A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Charles Soludo, ya umarci bankuna su ɗaga jarinsu daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin 31 ga Disamba 2005. An yi ta ƙorafi, amma ranar ba ta motsa ba, kuma bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Abin da ya sa wannan wa'adi ya ci shi ne kowa ya san wanda ya gaza zai rasa lasisinsa, ga watanni 18 na shiri, ga kuma hanyoyi a buɗe: sayar da hannun jari ko haɗewa da wani banki. Wanda ya ga ba zai iya shi kaɗai ba yana da ƙofar da zai bi.

A kwatanta wannan da haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. A Disambar 2020 aka ba da makonni biyu kacal, alhali miliyoyin mutane ko rajistar ba su yi ba. Dole aka ɗaga, aka sake ɗagawa, aka yi ta ɗagawa, har sai a Satumbar 2024 aka tsayar da ranar da aka kira ta ƙarshe. Kowace ɗagawa darasi ce ga jama'a cewa jira ya fi gaggawa riba. Mai kamfanin da ya saba cewa “zuwa Juma'a” sannan Juma'ar ta wuce bai ce uffan ba, irin wannan karatun yake koya wa ma'aikatansa, kuma ranar da zai zo da wa'adi na gaske ba mai ɗaukarsa da muhimmanci.

Canjin takardun naira ya nuna ɗaya matsalar, kuma ya fi ciwo. A Oktoban 2022 aka sanar da sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000, sababbin suka fara yawo a tsakiyar Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki a 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. A nan jama'a sun gaskata ranar, sun kuma kai kuɗinsu banki. Abin da babu shi ne sababbin takardun da za a ba su. Masu POS suka koma sayar da naira da naira, ciniki ya tsaya a kasuwannin ƙauye inda ba banki ba sabis, har sai da jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda a 3 ga Maris 2023 ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. An matsa wa mutane su cika sharaɗin da mabuɗinsa ke hannun wani.

Za a iya cewa duk da haka matsin ya fi sakaci, domin ɗan Adam in ba a ƙure shi ba ba ya motsi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma mai wannan magana yana ƙirga aikin da aka gama ne, ba ya duba yadda aka gama shi. A bankin Wells Fargo na Amurka an ɗora wa ma'aikata adadin asusun da za su buɗe, suka ga ba su da hanyar cika shi ta halal, sai suka riƙa buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba. A 2016 abin ya fasu: kimanin asusu miliyan 2, tarar dala miliyan 185, ma'aikata wajen 5,300 da aka kora. A takarda kuwa kullum ana cika wa'adi. Ko gyaran bankunan namu da aka yaba bai tsira ba, domin a 2009 sai da gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna takwas, Babban Banki ya zuba naira biliyan 620 don ceto. Cika adadin jari a kan lokaci bai tabbatar da cewa ana riƙon amanar kuɗin ba. Sauri kan haifi nawa, in ji Hausawa, kuma a kasuwanci nawar takan zo da asara.

Don haka ɗan kasuwar da ke son amfani da wa'adi ya fara da lissafi kafin ya ambaci rana: kaya nawa, hannu nawa, kuɗi nawa, kuma wane ɓangare ne ya dogara da wani na waje, kamar mai kawo kaya daga Legas ko wutar lantarki. Ya raba babban aiki gida-gida, kowane da ranarsa, domin a gano tsaiko tun da sauran lokaci. Ya bar wa ma'aikaci damar cewa “ba zai yiwu ba” tun da wuri ba tare da tsoron kora ba, don wanda aka toshe wa wannan ƙofa ƙarya zai kawo. In kuma an tsayar da ranar, to a tsaya a kanta, a duba ingancin abin da aka kawo kamar yadda ake duba kalanda.