KANAR SANI BELLO: MAI WAYA DA WUTA, AMMA HANKALINSA NA KONTAGORA

Daga Wakilinmu a Suleja

Duk ɗan Arewa da ya taɓa shiga mota daga Ikko ko Badun zai tafi ganin gida ta hanyar Ilori, to ya san gadar Jebba, ya kuma san Kontagora inda direbobi kan tsaya a yi salla a ci abinci. Amma ba kowa ya san cewa akwai mutum guda da ya haɗa wuraren nan biyu ba, watau Kanar Sani Bello mai ritaya.

An haife shi a Kontagora cikin 1942. Soja ne tun yana saurayi, kuma shi ne dogarin Janar Ironsi, suna tare a Badun ranar 29 ga Yuli, 1966, da aka yi juyin mulkin da Ironsi ya rasa ransa. Allah ya yi da sauran kwana. Ya yi gwamnan soja na Jihar Kano daga 1975 zuwa 1978, daga baya ya yi jakadan Nijeriya a Zimbabuwe.

To, abin da ya sa sunansa ya shiga bakin 'yan kasuwa ba khaki ba ne, waya ce. Masu karatu da suka daɗe a Kudu ba su manta zamanin da in mutum zai gaida mahaifiyarsa sai ya ba direba wasiƙa, ko ya yi magana a kaset ya aika. A lokacin layukan tarho na ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Cikin 2001 gwamnati ta yi gwanjon lasin na wayar salula, kowane ɗaya dala miliyan 285, kuɗin da mutane da yawa suka ce hauka ne a zuba su. Kanar Sani yana cikin 'yan Nijeriya ƙalilan da suka sa hannun jari a kamfanin MTN, har ya yi shekaru yana mataimakin shugaban daraktocinsa. Yau mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 yakan ji farashin Aliero kafin ya karya kumallo.

Daga waya sai wuta. A 2013, da gwamnati ta miƙa tashoshin lantarki ga 'yan kasuwa, kamfanin Mainstream wanda ya shugabanta shi ya karɓi madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Jebba. Amma fa a lura, kamfanin samar da wutar yake yi ya tura ta babban layin ƙasa. Rabawa gida-gida aikin wasu kamfanoni ne dabam. Wannan ne abin da yake ɗaure wa mutanen Suleja kai: ga Kainji, ga Shiroro, ga Zungeru duk a jiharsu, amma tela da mai walda sai sun sayi man janareta.

Mutum mai irin wannan hali, da ya so, sai ya tare a Ikoyi ko Landan, a riƙa jin labarinsa daga nesa. Kanar Sani bai yi haka ba. Abubuwa biyu ne aka fi saninsa da su a garinsu, ilmi da lafiya. Ya kafa makaranta a Kontagora, ya kuma kafa Gidauniyar Sani Bello, wadda takan kawo likitoci su duba marasa lafiya su yi musu aikin tiyata kyauta. Wanda bai taɓa jinyar ɗan'uwa a ƙauye ba zai ga kamar abin ƙarami ne. Amma manomin da yanar ido ta rufe masa gani, ko gwaiwa ta hana shi riƙe fartanya, ba ya zuwa asibiti sai ya sayar da akuya ko buhun dawa, in kuwa babu sai ya zauna gida yana jiran ikon Allah. Sau da yawa ma ɗansa da yake gadi ko turin ruwa a Kudu shi ake aika wa ya nemo kuɗin.

Gaskiya ne, akwai masu cewa wanda ya yi gwamna, kuma ɗansa Abubakar Sani Bello ya mulki Jihar Neja daga 2015 zuwa 2023, ai ba abin mamaki ba ne don ya yi wa garinsu wani abu. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai masu kuɗi da sarauta suna da yawa a Arewa, waɗanda suka kai likita ƙauyensu kuwa ana iya ƙirga su da yatsu.

Inda aiki ya rage shi ne bakin Kwara. Lokacin da gwamnati ta gina Kainji, mutane fiye da dubu 40 aka tasa daga gidajensu, tsohon garin Bussa ma ruwa ya cinye shi, aka gina musu Sabuwar Bussa. Jikokinsu suna nan suna su da noma, kuma da damina ta yi nisa idonsu na kan ruwa saboda ambaliya. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta musamman mai hedkwata a Minna don kula da irin waɗannan garuruwa, amma har yanzu akwai ƙauyukan da manyan wayoyin lantarki suke wucewa ta bisa gonakinsu, su kuwa da dare sai tocila.