Gardamar Farar Barewa A Amurka: A Harbe Ta Ko A Ƙyale Ta?

A watan Oktoba na shekarar 2014 wani yaro ɗan shekara 11 ya bi mahaifinsa farauta a jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, ya ɗana kibiya ya kayar da wani namijin barewa fari fat. Yaron bai taka doka ba, domin tun shekarar 2008 gwamnatin jihar ta janye hanin da ta yi a kan kashe farar barewa. Amma da hoton ya bazu sai zagi da barazana suka yi ta zuwa wa iyalin daga mutanen da ba su taɓa ganinsu ba. Da a jihar Wiskonsin mai maƙwabtaka da su ya yi harbin, to da hukuma ce za ta neme shi, saboda can an hana taɓa farar barewa tun shekarar 1940.

Barewar da ake magana ba irin ta dazuzzukan Arewa ba ce. Ta fi ta girma, namijin kuma yana da ƙaho mai rassa wanda yakan zube ya sake tsirowa kowace shekara. Launinta na asali ja-ja ne da rani, ya koma toka-toka lokacin sanyi. Farautarta babbar al'ada ce a Amurka, ana yanka mata lasin, ana kuma ƙayyade lokaci da yawan da mutum zai kashe.

Fararen iri uku ne. Akwai zabiya, wadda idonta da hancinta da kofatonta duk jaja-jaja ne, ganinta kuma ba shi da ƙarfi. Akwai mai farin gashi amma idonta irin na sauran barewa. Sai kuma mai dabbare-dabbare, watau fari da ja a haɗe kamar wata akuyar gida. Dukkansu gado ne, kuma sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi a jini kafin ya fito a jikin ɗa, shi ya sa maharbi kan tsufa a daji bai yi arba da ko ɗaya ba.

Masana dabbobin daji da yawa ba su ga dalilin wannan kāriya ba. A wurinsu farin nakasa ne. Mai dabbare-dabbare sau da yawa takan zo da gajerun ƙafafu, ko gantsararren baya, ko muƙamuƙin ƙasa wanda bai kai na sama ba. Fari kuma yana tona asirin dabba ga kyarkeci da sauran maciya nama. Suna cewa idan ana harbin lafiyayyu ana barin waɗannan, to nakasar ce ake yaɗawa a cikin garke. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ba ta hana jihohin Ilinoi da Ayowa da Tenesi kafa nasu dokokin kāriya ba, domin jama'a ne suka nema, kuma kyan dabbar ya fi zama musu hujja a kan lissafin masana. A garin Boulder Junction na Wiskonsin har baƙi ke zuwa takanas don kallonsu, masu masauki da gidajen abinci suna samun ciniki.

Wurin da ya fi nuna abin da kāriya kan haifar shi ne wani tsohon rumbun makamai na soja da ke Seneka a jihar Niyok. A shekarar 1941 sojojin Amurka suka karɓi fili sama da eka 10,000, suka tashi manoman da ke ciki, suka zagaye shi da shingen waya mai tsawon mil 24. Ba da niyya ba suka rufe da wasu barewa a ciki. A shekarar 1949 aka fara ganin farare, daga baya kwamandan wurin ya ba da oda kada soja ya kuskura ya harbe su. Jajayen kuwa aka ci gaba da farautarsu don kada su yi yawa su cinye ciyawa. Tunda ba shiga ba fita, dangi na barbarar dangi, sai fararen suka yi ta ƙaruwa, har aka kai lokacin da ake ƙiyasta sun kai kamar 200 a cikin garke mai wajen 700 zuwa 800. Waɗannan ba zabiya ba ne, idonsu ruwan ƙasa ne. Abin mamaki, wurin da aka tanada don ajiye bama-bamai shi ya zama mafakar garken farar barewa da ya fi kowane suna a duniya.

Da aka rufe rumbun a shekarar 2000 sai hankalin masu son dabbobin ya tashi, domin rayuwar garken ta rataya ne a kan shingen nan. In ya ruɓe suka fita, za su gauraya da na waje, farin ya ɓace a hankali, ga shi kuma dokar jihar Niyok ba ta hana maharbi harbin farar barewa ba. An shafe shekaru ana ja-in-ja a kan abin da za a yi da filin. A shekarar 2016 wani ɗan kasuwa na yankin mai suna Earl Martin ya sayi wajen eka 7,000, ya keɓe wani sashe domin barewar, aka shiga gyaran shinge da shuka musu abinci, a shekarar 2017 kuma aka fara ɗaukar 'yan kallo a mota ana zagayawa da su ciki.